Yadda ake shirya filin gudun ratsa daji a tsakiyar birni

Gudun ratsa daji dai, kamar yadda sunansa ya nuna, ana yin sa ne a kan ciyawa da taɓo da tuddai. Sai dai 'yan kallo da gidajen talabijin a birni suke, shi ya sa masu shirya manyan gasanni kan nemi wani lambun shaƙatawa su mayar da shi fagen tsere na kwana guda.

Haka aka yi a lambun Holyrood da ke birnin Edinburgh, inda aka gudanar da gasar duniya a ranar 30 ga watan Maris na 2008.

Ƙa'idar hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tanadi cewa a shata hanya mai zagaye, wadda tsawonta zai kama daga mita 1,500 zuwa 2,000, 'yan tsere su riƙa kewaya ta. Dalilin hakan kuwa shi ne ɗan kallo ya ga masu gudun sau da dama ba tare da ya bar inda yake tsaye ba. A Edinburgh manyan maza kilomita 12 suka yi, mata kuma 8, amma tun daga 2017 kowane ɓangare kilomita 10 yake yi.

Ana so faɗin hanyar ya kai mita 5, a kuma ja igiya hagu da dama. Idan ya zama dole a tsallaka kwalta, sai a rufe ta da ƙasa ko ciyawa ko shimfiɗa, domin takalman 'yan tseren na da ƙusoshi a ƙasa.

Wurin da ya fi ba masu shiri ciwon kai shi ne mafarin tseren. Mutane fiye da ɗari ne ke tashi lokaci guda, kowa na neman shiga gaba, saboda haka ba a yarda a sa matsatsi ko kwana mai tsanani kusa da wurin tashi ba. Ko da an kiyaye hakan ma, cunkoso kan yi ɓarna. A gasar ta 2008 an taka wa Kenenisa Bekele na Habasha takalmi tun tseren bai yi nisa ba, sai da ya tsaya ya gyara shi, sannan ya bi sahu ya lashe gasar.

Abin da ya ɗaukaka filin Holyrood shi ne wani ɗan tudu mai suna Haggis Knowe. Ba shi da wani tsawon a zo a gani, amma hawansa bayan an riga an gaji shi ke rarrabe gwani da ɗan rakiya. Ƙa'ida ta fi son irin wannan cikas na asali, ta kuma hana ramuka masu zurfi da gangara mai haɗari.

Ba kowane lambu ne ke da tudu ba. A birnin Belgrade na ƙasar Sabiya, inda aka yi gasar 2024 a wani shimfiɗaɗɗen lambu, sai da aka kafa gadoji, aka jera dammunan ciyawa, aka kuma kwaɓa taɓo don a wahalar da 'yan tsere. Hakan ya biya buƙata, ko da yake tudun katako ba ya kama ƙafar na Allah.

Akwai kuma batun yanayi. A Mombasa ta Kenya a 2007, zafi da gumi sun sa 'yan tsere da dama sun kasa ƙarasawa, ciki har da shi Bekele, inda Zersenay Tadese na Eritriya ya yi nasara. A irin wannan yanayi ana buƙatar wurin shan ruwa a kowane zagaye, da hanyar da motar asibiti za ta shiga ba tare da ta ratsa cikin masu gudu ba.

Lambun kuma na jama'a ne. Dole a sami izinin hukumar da ke kula da shi, a bar wa masu yawo mashiga, sannan bayan an watse a kwashe igiyoyi a sake shuka ciyawa a wuraren da ƙafafu suka tattake.