Shaida Mai Cin Abinci

Idan 'yan sanda suka ƙwace bindiga a hannun mai laifi, sai su liƙa mata lamba su kulle ta a ɗakin ajiya, ta shekara a nan ba ta nemi ko ruwa ba. Kare kuwa ba a yi masa haka. Shi ma shaida ne a gaban kotu, amma shaida ce mai cin abinci safe da yamma, mai buƙatar likita da mai share mata keji, har ranar da alƙali zai yanke hukunci.

Amurkawa sun ga wannan ƙarara a 2007, lokacin da aka kai samame gidan Michael Vick, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, a jihar Bajiniya, aka kwashe karnuka wajen hamsin da ake haɗawa faɗa ana caca a kansu. An yanke masa ɗaurin wata 23, ya kuma biya sama da dala dubu 900 don ɗawainiyar karnukan. To, Vick mai kuɗi ne. Galibin waɗanda ake kamawa ba su da ko na sayen buhun dusa, sai nauyin ya koma kan ƙaramar hukuma ko ƙungiyar jin ƙai. Shi ya sa jihohi da dama suka fito da doka: ko mai dabba ya ajiye kuɗin ciyar da ita kafin a gama shari'a, ko ya haƙura da ita.

Mai karatu zai iya cewa, ana fama da ta mutane, wa ke ta kare? Abin da ya sa hukumomi suke zuba kuɗi a wannan harka shi ne sun gano cewa hannun da ke dukan dabbar gida sau da yawa shi ne ke dukan matar gida da 'ya'yanta. A 1998 wani masanin halayyar ɗan Adam, Frank Ascione, ya wallafa binciken da ya yi a wata mafakar matan da suka gudo daga dukan maza a jihar Utah. Cikin masu dabbobi, kashi 71 cikin ɗari sun ce mijin ya taɓa yi wa dabbar barazana, ko ya ji mata ciwo, ko ya kashe ta. Matan ba su kai arba'in ba, don haka ba a gina gari a kan wannan lamba kaɗai, sai dai binciken da ya biyo baya ya bi sawu ɗaya. Azzalumi ya san inda ke yi wa mace ciwo. Ba sai ya ɗaga mata hannu ba, ya isa ya shaƙe kyanwar 'yarta a gabanta ya ce in ta kuskura ta fita, kafin ta dawo ya gama da kyanwar. Mafaka kuma yawanci ba ta karɓar dabba. Sai mace ta ci gaba da zama, ana ta ba ta haƙuri, har ranar da za a kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti.

Alaƙar ma tsohuwa ce. A 1874 a birnin New York, wata mai aikin mishan, Etta Wheeler, ta rasa wanda zai ceci wata yarinya, Mary Ellen Wilson, daga uwar riƙonta. Ƙarshenta ta je wurin Henry Bergh, mutumin da ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka a 1866. Aka kawo yarinyar kotu naɗe cikin bargo, da yankan almakashi a fuskarta. Uwar riƙon ta sha ɗaurin shekara guda, kuma daga wannan shari'a aka kafa ƙungiyar farko ta hana zaluntar yara. Wato dabba ta riga yaro samun mai tsaya mata.

Daga baya dokoki suka yi ta zuwa. Jihar Maine ta fara, a 2006, barin alƙali ya sa dabba cikin umarnin nisanta miji daga matarsa. Daga 2016 hukumar FBI ta soma ƙidaya zaluntar dabba a matsayin laifi mai zaman kansa. Ingila a 2021 ta ɗaga iyakar hukuncin wannan laifi daga ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar. Kowace ɗaya da kuɗinta: horar da 'yan sanda, biyan likitan da zai binciki gawar dabba ya tsaya a kotu, ciyar da fursuna. Ba kuma kowace ce ta cancanci abin da ake kashe mata ba. Gundumar Suffolk ta New York ta buɗe rajistar masu zaluntar dabbobi a 2010, jihar Tennessee ta yi tata a 2016, amma ita kanta ƙungiyar da Bergh ya kafa ba ta goyon bayan irin wannan rajista, tana cewa tsada gare ta, amfaninta kaɗan. A ganina tana da gaskiya. Jerin sunaye a intanet yana da daɗin sanarwa ga ɗan siyasa, amma bai taɓa fitar da mace ko ɗaya daga gidan azaba ba.

Abin da ke fitar da ita keji ne a bayan mafaka. A Disamban 2018 Amurka ta zartar da dokar PAWS, wadda ta amince a ba mafakun mata tallafin da ya kai dala miliyan 3 a shekara don su karɓi mata tare da dabbobinsu. A ƙasa mai jihohi 50, wannan cikin cokali ne. A Ingila ƙungiyar Dogs Trust ce take riƙon karnukan irin waɗannan mata tun 2004, da kuɗin sadakar jama'a.

Sai a ɗora wannan a sikeli da ɗaya ɓangaren. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta fitar da lissafi a 2019 cewa cin zarafi a cikin iyali ya ci wa Ingila da Wales kimanin fam biliyan 66 a shekara guda. Biliyan 47 ƙiyasin ciwon jiki da na zuciya ne, biliyan 14 aikin da aka rasa saboda mutane na kwance ko suna ɓuya, asibitoci sun kashe biliyan 2.3, 'yan sanda biliyan 1.3. Matsalar ita ce kuɗin keji yana fitowa a layi ɗaya cikin kasafi, kowa na iya nuna shi da yatsa ya ce almubazzaranci ne, alhali kuɗin karayar haƙarƙari ya warwatsu a asibiti da kotu da makaranta da wurin aiki, ba mai tattara shi.

Najeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015, wadda ta yi wa wanda aka zalunta alkawarin magani da taimakon lauya. Asalinta ta Abuja ce kaɗai, sai kowace jiha ta karɓe ta ta kuma ware mata kuɗi, kuma wajen ware kuɗin ake jan ƙafa. Ta ɓangaren dabba kuwa, sashe na 495 na tsohon kundin laifuka da ake aiki da shi a kudancin ƙasar ya tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira hamsin. Naira hamsin ɗin nan yau ko ƙosan karin kumallo ba za ta saya wa ɗan sandan da ya kai ƙarar ba.