Daidaita Rabe-raben Masana'antu Tsakanin Ƙasashe Maƙwabta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba da cinikin hatsi ya san cewa mudun wata kasuwa yakan fi na wata ci. Saboda haka idan aka ce an sayar da mudu ɗari a nan, mudu ɗari a can, ba a san inda aka fi sayar da hatsi ba sai an san girman kowane mudu. Haka lamarin yake ga alƙaluman ƙididdigar masana'antu. Kowace ƙasa tana ƙirga masana'antunta da ma'aikatansu da kayan da suke fitarwa, amma kafin a soma ƙirgar sai an yanke shawara a kan abin da za a kira masana'anta da abin da za a bari a waje. Idan ƙasashe biyu suka sha bamban a wannan shawara, alƙalumansu ba za su kwatantu ba, ko da kowacce ta yi ƙidayarta ba tare da kuskure ba. Wannan babi zai yi bayanin yadda ake daidaita wannan ma'auni, tare da ɗaukar misalin Amurka da Kanada da Meksiko, waɗanda suka haɗu a kan tsari ɗaya a shekarar 1997.

2.0 Ma'anar Rabe-raben Masana'antu

Rabe-raben masana'antu tsari ne na kasa dukkan sana'o'in ƙasa gida-gida, a ba kowane gida suna da lamba. Tsarin yakan taso daga babban sashe, kamar noma ko haƙar ma'adinai ko sarrafa kaya, ya gangaro zuwa ƙananan rukunoni, kamar yadda reshe yake fitowa daga gindin itace. Abin da ake sanya wa lamba shi ne wurin aiki guda, wato masana'anta ɗaya a wuri ɗaya. Idan kamfani yana da gonar rake a wani gari da injin yin sukari a wani, gonar za ta shiga sashen noma, injin kuma ya shiga sashen sarrafa kaya. In kuwa wurin aiki ɗaya yana ayyuka iri-iri, sai a dubi aikin da ya fi rinjaye a cikinsu a ba shi lambarsa.

Ya kamata a bambanta wannan tsari da na rabe-raben kayayyaki wanda jami'an kwastan suke amfani da shi a kan iyaka. Na kwastan yana tambayar wane irin kaya ne wannan, na masana'antu kuwa yana tambayar wane irin aiki ake yi a wannan wuri.

Uwar waɗannan tsare-tsare a duniya ita ce ISIC ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 1948, aka kuma yi ta sabunta ta. Bugu na huɗu da aka wallafa a 2008 ya ƙunshi manyan sassa 21, da ɓangarori 88, da rukunoni 238, da azuzuwa 419. Sai dai an tsara ISIC ne domin ta dace da kowace ƙasa, mai arziki da matalauciya, don haka ba ta shiga bayani filla-filla. Wannan ne ya sa ƙasashe da yankuna suke gina nasu tsarin a kanta.

3.0 Matsalar da Ta Fuskanci Arewacin Amurka

A ranar 1 ga Janairu 1994 yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meksiko ta fara aiki. Tun kafin lokacin masana'antun ƙasashen uku sun riga sun sarƙu da juna, musamman na ƙera motoci. Birnin Ditiroyit na Amurka da birnin Winso na Kanada kogi ne kawai ya raba su, kuma sassan mota sukan tsallaka iyaka fiye da sau ɗaya kafin a gama harhaɗa motar. A kan iyakar kudu kuma akwai ɗimbin masana'antun harhaɗa kaya a cikin Meksiko waɗanda suke aiki domin kasuwar Amurka.

Yarjejeniyar ta jawo muhawara mai zafi. Ƙungiyoyin ƙwadago a Amurka suna tsoron ayyukan yi za su ƙaura zuwa Meksiko inda lada yake da arha, masu goyon bayan yarjejeniyar kuma suna cewa kowa zai ci riba. Raba wannan gardama yana buƙatar alƙaluma: ma'aikata nawa ne a masana'antar tufafi a kowace ƙasa, nawa ake biyansu, kaya nawa kowane ma'aikaci yake fitarwa. To amma kowace ƙasa da nata mudun. Amurka tana amfani da tsarin SIC wanda ya samo asali tun shekarun 1930, aka yi masa gyara na ƙarshe a 1987. Kanada tana da nata na 1980, Meksiko ma da nata. Sau da yawa suna ɗaya ne a takarda, abin da ke ƙarƙashin sunan kuwa daban.

4.0 Yadda Aka Gina Tsarin NAICS

Hukumomin ƙididdiga na ƙasashen uku sun zauna tare na tsawon shekaru, suka fitar da tsari ɗaya a 1997. Da Ingilishi ana taƙaita sunansa NAICS, da Faransanci da Sifaniyanci kuma SCIAN, domin aiki ne da aka yi cikin harsuna uku, kuma dole ma'anar kowane rukuni ta zama ɗaya a cikinsu duka.

4.1 Ƙa'ida Guda

Babban abin da suka yi shi ne zaɓar ƙa'ida guda ta rabawa. Tsofaffin tsare-tsaren sun gauraya ƙa'idoji: wani rukuni an haɗa shi ne bisa amfanin kayan ga mai saye, wani kuma bisa hanyar yin sa. NAICS ta tsaya a kan hanyar sarrafawa, wato wuraren aikin da suke bin matakai iri ɗaya su ne 'yan gida ɗaya. Alal misali, kwalbar gilashi da gorar roba da gwangwani duk mazubin abin sha ne a wurin mai saye, amma narka yashi daban yake da hura roba, daban yake kuma da lanƙwasa ƙarfe. Don haka masana'antun uku suka faɗa ɓangarori uku mabambanta. Fa'idar wannan ƙa'ida ita ce, idan aka kwatanta ma'aikata da injina da kayan da aka fitar, ana kwatanta masu aiki iri ɗaya ne.

4.2 Tsarin Lambobi

NAICS tana da manyan sassa 20, kuma lambarta tana kaiwa alƙaluma shida. Sashen sarrafa kaya ya ɗauki 31 zuwa 33. Ga yadda lambar take gangarowa:

311: sarrafa abinci
3118: gidajen burodi da na totiya, wato fankasun masara na mutanen Meksiko
31181: yin burodi da dangoginsa
311811: gidajen burodi masu gasawa su sayar a wurin, a rabon Amurka

A yawancin masana'antun sarrafa kaya ƙasashen uku sun yi ittifaƙi har zuwa alƙalami na biyar. Na shida an bar wa kowace ƙasa ta ƙara rabawa gwargwadon buƙatarta. Wannan dabara ta ba kowa damar bayyana abin da ya keɓanta da shi ba tare da an ɓata kwatancin ba. A wasu sassa kuwa, kamar ciniki da aikin gwamnati, ittifaƙin ya tsaya a mataki na sama, saboda tsarin waɗannan ayyuka ya bambanta sosai daga ƙasa zuwa ƙasa.

4.3 Sauyin Iyakoki

Sabon tsarin ya matsar da iyakar abin da ake kira sarrafa kaya. A tsohon tsarin Amurka wallafa jaridu da littattafai yana cikin sarrafa kaya, sai NAICS ta mayar da shi sabon sashen yaɗa bayanai, ta bar aikin ɗab'i a inda yake. Saran itatuwa a daji ya koma sashen noma da gandun daji. Gidajen burodi masu gasawa su sayar nan take, waɗanda a da ake ƙirga su cikin 'yan kiri, sun shigo sashen sarrafa kaya. An kuma buɗe wa masu ƙera kwamfuta da kayan lantarki ɓangare nasu, mai lamba 334.

5.0 Matsalolin da Suke Biyo Baya

Kowane sauyin iyaka yana karya jerin alƙaluman shekaru. Da aka cire masu wallafa jaridu, adadin ma'aikatan sarrafa kaya ya ragu a takarda, alhali babu wanda ya rasa aikinsa. Mai nazarin da bai san da wannan ba zai ɗauka masana'antu sun durƙushe ne. Maganin wannan shi ne jadawalin da yake nuna inda kowace tsohuwar lamba ta koma a sabon tsari, da kuma sake lissafin shekarun baya bisa sabon ma'aunin. Aikin ba ya ƙarewa, domin ana bitar NAICS duk bayan shekara biyar, kamar yadda aka yi a 2002 da 2007 da 2012 da 2017 da 2022. A 2020 yarjejeniyar USMCA ta maye gurbin NAFTA, amma tsarin rabe-raben ya ci gaba da aiki.

Bugu da ƙari, daidaita suna da lamba mataki ne na farko kawai. Sai an dubi ko ƙasashen suna ƙirga ƙananan wuraren aiki daidai da juna, da yadda suke juya kuɗinsu zuwa kuɗi ɗaya, da kuma ko suna bayar da jimillar kuɗin kayan da aka fitar ne ko darajar da masana'anta ta ƙara bayan an cire kuɗin ɗanyen kaya.

6.0 Darasi ga Nijeriya da Nijar

Irin wannan buƙata tana nan tsakanin Nijeriya da Nijar, inda fata da gyaɗa da siminti da tufafi suke zirga-zirga. Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa hukumar AFRISTAT a 1993, mai hedikwata a Bamako, wadda ta tsara wa mambobinta rabe-raben da ake kira NAEMA bisa tubalin ISIC. Ita kuwa Nijeriya, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta lissafin tattalin arziki a 2014, ta ɗauki bugu na huɗu na ISIC, ta kuma ƙara ɓangarorin da take lissafawa daga 33 zuwa 46. Ke nan ISIC ce gadar da take haɗa alƙaluman ƙasashen biyu. A cikinta jima tana da lamba 1511, matsar mai 1040, rini 1313. Mai yin kilishi yana sarrafa nama ne domin ajiya, don haka yana lamba 1010 a sashen sarrafa kaya, mai tsire kuwa yana gasawa ne a ci nan take, sai ya faɗa 5610 tare da gidajen abinci. Babbar matsalar a nan ita ce, majema da marina da mata masu ƙuli-ƙuli yawanci ba su da rajista, kuma lamba ba ta da amfani ga wanda mai ƙidaya bai kai gare shi ba.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa ba a kwatanta alƙaluman masana'antu na ƙasashe biyu sai an tabbatar ma'auninsu ɗaya ne. Misalin Arewacin Amurka ya nuna cewa hakan yana samuwa idan aka yarda da ƙa'ida guda ta rabawa, aka bar wa kowace ƙasa gurbin bayyana nata, aka kuma tanadi hanyar haɗa tsofaffin alƙaluma da sababbi. Ɗalibin da ya ci karo da jadawalin kwatanci a jarida ko a littafi, ya kamata ya fara tambayar da wane tsari aka ƙirga, kuma bugun wace shekara.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin rabe-raben masana'antu da rabe-raben kayayyaki?
2. Bayyana ƙa'idar da aka gina NAICS a kanta, tare da misali.
3. Ta yaya adadin ma'aikata zai ragu a takarda ba tare da an kori kowa ba?
4. Kawo sana'o'in gargajiya biyar na ƙasar Hausa, ka faɗi waɗanda suka dace da sashen sarrafa kaya da dalilinka.