Fim ɗin Forrester: yadda kiɗa, ɗaki da fuska ke koyar da rubutu

Rubutu aiki ne da ba shi da daɗin kallo. Mutum na zaune, alƙalami na tafiya, sauran duk a cikin kai yake. Wannan ce matsalar da darakta Gus Van Sant ya fuskanta a shekarar 2000 a fim ɗinsa "Finding Forrester", wanda masu kallo da Faransanci suka sani da "À la rencontre de Forrester". Labarin Jamal Wallace ne, baƙar fata ɗan shekara 16 a unguwar Bronx ta birnin New York, gwanin ƙwallon kwando da ke ɓoye wa abokansa cewa yana rubutu. Ya haɗu da William Forrester, dattijon marubuci da ya fitar da littafi ɗaya tak, ya sami kyautar Pulitzer, daga nan ya kulle kansa a gida shekara da shekaru.

Rabin aikin, ɗakin Forrester ne ya yi shi. Yana can saman bene, da duhu-duhu, littattafai har rufi, da taga guda wadda dattijon ke leƙen yaran unguwa da madubin hange. Kafin ya buɗe baki, mai kallo ya riga ya gane cewa ilimin mutumin nan ya zame masa kurkuku. A ƙasa kuwa filin ƙwallo ne, rana da hayaniya. Wuri na uku shi ne makarantar masu hannu da shuni a Manhattan, inda aka ba Jamal gurbin karatu. Bangonta cike yake da hotunan manyan marubuta, kuma yaron ba ya buƙatar a faɗa masa cewa babu mai kama da shi a cikinsu. Hawan benen nan da saukowa shi ne ginshiƙin fim ɗin. Ranar da Jamal ya fito da malaminsa waje, cunkoson jama'a a Madison Square Garden ya firgita dattijon. Sai a filin Yankee, babu kowa, ya iya ba da labarin mutuwar ɗan'uwansa.

Kiɗan ma ya kauce wa abin da ake tsammani. Fim a Bronx da matasa baƙar fata, kowa zai jira rap daga farko har ƙarshe. Da shi aka buɗe, amma abin da ya mamaye shi ne jaz: ƙahon Miles Davis, Ornette Coleman da gitar Bill Frisell. Kiɗa ne mai barin sarari, yana tafiya yana dakatawa kamar mai neman kalma. Akwai kuma ƙarar tafireta. Forrester ya umarci ɗalibinsa ya daki haruffan da ƙarfi, ya rubuta zubin farko ba tare da dogon tunani ba, gyara ya biyo baya. Kunne ne ke jin ci gaban yaron: bugun da ya fara da ɗari-ɗari ya koma mai tsari.

Sean Connery na da shekara 70 a lokacin, duniya ta san shi tun zamanin James Bond. Rob Brown kuwa bai taɓa fitowa a fim ba. Wannan tazara ta yi wa labarin amfani. Connery na faɗa, yana gatse, yana cika littattafan yaron da jan biro (duk wanda ya zauna a aji a Maraɗi ko Damagaram ya san zafin jan biron mushe). Brown bai yi ƙoƙarin kamo shi ba. Yana shiru, yana kallo, kuma shirun nasa ne ke sa a yarda cewa akwai abin da ke dahuwa a ransa.

Inda abin ya yi zafi shi ne zargin satar rubutu. Forrester ya ba Jamal wani tsohon rubutunsa don ya fara da shi, yaron ya miƙa sakamakon a makaranta, malami Crawford, wanda F. Murray Abraham ya fito a matsayinsa, ya gano tushen. Jamal ya yi alkawarin ba zai ambaci sunan dattijon ba, ko da zai rasa gurbinsa. Crawford dai tun farko bai yarda yaron Bronx zai iya irin wannan rubutu ba. Sai dai an cika masa mugunta har ya zama da sauƙin ƙi.

A nan kuma kiɗan ya yi wa fim ɗin illa. Da Forrester ya zo makarantar ya karanta rubutun Jamal a bainar jama'a, sautin ya taso ya rufe wani sashe na karatun, kyamara ta koma kan fuskokin masu sauraro. An shafe sama da awa biyu ana cewa yaron haziƙi ne, amma da lokacin jin hujja ya zo, sai aka miƙa aikin ga makaɗa. Fitowar dattijon a kan keke cikin titunan birnin, da kiɗan Carl Orff a bayansa, ta fi wannan gamsarwa, kuma babu kalma ko ɗaya a cikinta.