Kuɗin muze ran salla: a tanada tun yanzu

Ran salla a Yamai, yara sai muzen Bubu Hama, wanda aka kafa tun 1959. Can suke ganin zaki, kura, dorina da ƙasusuwan dinozor. Amma in yara biyar gare ki, kuɗin shiga da na taksi ba wasa ba ne. Nan wasunmu ke taɓa jari ko bashin asusu, ran biya kuma ido ya raina fata.

A Faransa, gidan wasan Disneyland na saida katin shiga na shekara, in ya ƙare a sabunta. Ƴan uwa, mu yi namu: dala 20 kowane mako, a aje daban. Mako 52 ya ba da jika 5 da dala 40. Salla na wucewa, sai sabon zubi.