Lissafin Da Ba A Neman Amsarsa: Ko Bayanin Ya Isa?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai fataucin hatsi. Ya ce ɗansa ya gama jami'a, yana shirin wata jarrabawa wai ita GMAT don ya ƙaro ilimin kasuwanci. Da ya leƙa littafin sai ya ga an zana fili, an yi tambaya, amma yaron ya ce masa ba a son a fitar da amsa. Shi ne yake tambaya, wane irin lissafi ne wannan, ko dai wasa yaron yake yi da kuɗin littafi?

To Alhaji, ba wasa yake yi ba. GMAT jarrabawa ce da wata hukuma a Amurka take shiryawa, kuma makarantun kasuwanci da yawa a duniya suna duba sakamakonta kafin su ɗauki mai neman digiri na biyu. A cikinta akwai irin wannan tambaya: a ba ka tambaya ɗaya da bayani biyu, aikinka ka faɗi ko bayanin ya isa a gano amsa guda tak. Zaɓi biyar ne: na farko kaɗai ya isa, ko na biyu kaɗai, ko sai an haɗa su, ko kowanne ya isa shi kaɗai, ko kuma ko an haɗa ba su isa ba.

Bari mu kai maganar gona. A ce za a sayar maka da gona mai kusurwa huɗu, a miƙe sak kamar ƙyauren ƙofa. Tambaya: nawa ne girman cikinta? Bayani na farko ya ce in ka zagaye ta, mita 280 ce. Na biyu ya ce in ka ja igiya daga wannan kusurwa, ta ratsa tsakiya zuwa kusurwar da ke kallonta, mita 100 ce.

Rufe na biyu da hannu tukuna. Kewaye 280 yana nufin tsawo da faɗi in an haɗa 140 ne. To ai gona mai 70 da 70 ta cika wannan sharaɗi, girmanta murabba'in mita 4,900. Mai 100 da 40 ma ta cika, amma girmanta 4,000. Siririya mai 130 da 10 kuwa, 1,300 kacal! Kewaye ɗaya, amma ta farko ta ninka ta ƙarshe fiye da sau uku. Ke nan bayani na farko bai isa ba. A nan ne nake jan kunnen manoma: mai cewa ku zo mu taka iyaka mu yi ciniki, in bai faɗi tsawo daban, faɗi daban ba, kana iya biyan kuɗin babbar gona ka tashi da zirin ƙasa.

Yanzu ka manta da na farko ɗungurungum, ka dubi na biyu. Wannan mantawa ita ce ta fi ba yara wahala. Igiyar mita 100 tana ratsa gona mai 80 da 60, tana kuma ratsa mai 96 da 28. Ta farko 4,800, ta biyu 2,688. Shi ma bai isa ba.

In an haɗa fa? 140 sau 140 ya ba da 19,600. Cikin wannan adadi akwai tsawo sau tsawo, da faɗi sau faɗi, da girman gonar har sau biyu. Biyun farko in an tara su daidai suke da igiya sau igiya, wato 10,000. Wannan ita ce ƙa'idar da magina ke amfani da ita in sun auna 3 da 4 da 5 don kusurwar gini ta miƙe, mu kuma a kwalejin horon malamai da sunan Paitagoras muka haddace ta. Saura 9,600, rabinsa 4,800. Zaɓi na uku ke nan. Mai wayo ma ba zai ƙarasa lissafin ba, da zarar ya ga amsa ɗaya ce za ta fito sai ya wuce.

Ba kullum ake buƙatar awo biyu ba. Bakin rijiya ko gindin rumbu, muddin da'ira ce sosai, igiyar da ta zagaye shi ta isa a san faɗinsa da girmansa. Sai dai kada a yarda da ido. Don zane ya yi kama da mai kusurwa a miƙe, ba shi ne ya sa ya zama haka ba, sai in an faɗa. Gonakinmu kuwa da wuya ka sami wadda ba ta karkace ba, don haka a cinikin gaske a nemo mai awon fili.

Abu ɗaya da za ka gaya wa yaron, Alhaji: a ƙarshen 2023 aka fito da sabon tsarin GMAT, aka daina tsohon a farkon 2024. Sabon ya cire lissafin siffofi irin su da'ira da alwatika, amma tambayoyin ko bayani ya isa suna nan, a wani sashe mai tambaya 20 cikin minti 45. Tunda ka ga zanen fili a littafinsa, ya duba shekarar da aka buga shi kafin ya biya kuɗin rajista.