Nawa Kofi Ɗaya Na Nescafé Yake Ci Mana A Gida?

Daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya a sami teburin mai shayi da babu gwangwanin Nescafé a kai. Yanzu ya shiga gidajenmu ma, musamman lokacin hunturu. Da yake kaɗan-kaɗan muke saye, ba ma jin fitar kuɗin. Amma da yayyafi kogi kan cika. Bari mu zauna mu yi lissafi tare.

Me ya sa ya yi tsada?

Ba a noman kofi a ƙasarmu ta yashi. Garin da ke narkewa nan take a ruwan zafi, wanda kamfanin Nestlé ya fara sayarwa da sunan Nescafé a 1938, daga nesa yake zuwa. Ƙasashen Birazil da Biyetnam su ne kan gaba wajen noman kofi. Fari ya taɓa gonakinsu, farashi ya hau a kasuwar duniya a 2024. A nan gida kuma, an cire tallafin man fetur a 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin mota ya ƙaru. Duk wannan yana biyo mu har cikin kofi.

Yadda ake lissafin

Abu huɗu ne ke shiga kofi ɗaya: garin kofi, sukari, madara da wuta. Ƙaramin cokali ɗaya na garin kusan giram 2 ne. Saboda haka gwangwani mai giram 50 zai ba da kofi 25. Kuɗin da ke ƙasa misali ne kawai, ku sa farashin kasuwarku a madadinsu.

Garin kofi: a ce gwangwani N3,000 ne. A raba gida 25, ya zama N120.
Sukari: ƙwaya biyu, N40.
Madarar gari: 'yar leda ɗaya, N100.
Itace ko gawayi: N40.
Jimla: N300.

Ku lura, garin kofin bai kai rabin kuɗin ba. Madara, sukari da wuta sun cinye N180, kuma su ne muka fi mantawa da su. Ko karan gona muka ƙona, yana da daraja, domin da an yi danga da shi ko an ba dabbobi.

Mu auna shi da gero

Kofi ɗaya kullum, N9,000 ke nan a wata. Idan tiyar gero N1,500 ce, mutum ɗaya ya sha tiya 6. Idan mutum biyu ne a gidan, tiya 12. Wannan hatsin ne muke nema ido rufe a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba.

Abin da za mu iya yi

Mu gwada farashin 'yar leda da na gwangwani. Idan leda N150 ce, gwangwani ya rage mana N30 a kowane kofi, wato N900 a wata.

Mu rufe gwangwani sosai, kada mu sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Da damina garin yakan dunƙule, riba ta koma hasara.

Mu dafa ruwa a kan wutar girki mu zuba a filas, maimakon hura sabuwar wuta.

'Yan adashi za su iya haɗa kuɗi su yi sarin sukari da madara, misali ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, su raba a tsakaninsu.

Ba mu ce kowa ya daina sha ba. Mai gadi da direba sun san amfaninsa. Abin da muke roƙo shi ne maigida da uwargida su ɗauki takarda da biro, su yi wannan lissafi tare, sa'an nan su yanke shawara. Haka za a yi wa shayi, goro da katin waya. A kawo sakamakon taron ƙungiya na gaba domin mu koya daga juna.