GAWA MA TANA BA DA SHAIDA

Daga cikin littattafan hira da ake rububin karantawa a ƙasashen Turai da Amurka, akwai waɗanda jaruminsu ba ɗan sanda ba ne, likita ne mai binciken gawa. An tsinci mutum matacce, babu wanda ya gani, kowa da wanda yake zargi. Likitan ne zai auna, ya gwada, har gaskiya ta fito.

Wannan sana'a ta girmi littattafan. A shekara ta 1247, wani alƙalin ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta littafin koyar da binciken gawa. A ciki ya kawo labarin wani mutum da aka sassare da lauje. Mai bincike ya sa mutanen gari suka jera laujunansu a rana. Dukkansu a goge suke, amma sai ƙudaje suka yi dafifi bisa guda ɗaya, domin ƙarnin jini bai bar shi ba. Mai laujen ya amsa laifinsa.

A shekara ta 1887, Conan Doyle, likita ɗan Birtaniya, ya fito da Sherlock Holmes, wanda farkon ganinsa a labari yana cikin ɗakin gwaji ne, yana neman dabarar gane jini. Edmond Locard na Faransa ya karanta waɗannan labarai, kuma a 1910 ya buɗe wa ƴan sandan birnin Liyon ɗakin gwaje-gwaje. Ka'idarsa ita ce: duk wanda ya taɓa abu, sai ya bar alama, ya kuma tafi da wata.

A 1990 kuwa, Patricia Cornwell, wadda ta yi aiki a ofishin binciken gawa na jihar Birjiniya a Amurka, ta wallafa Postmortem. Jarumar littafin, Kay Scarpetta, likita ce mai bin sawun wani makashin mata.

To, me gawa take faɗa? Sanyin jiki da sandarewar gaɓoɓi suna taimakawa wajen ƙiyasta lokacin mutuwa. Baƙin hayaƙi cikin maƙogwaro yana nuna cewa mutum da ransa wuta ta same shi. In babu shi, dole a tambaya ko an kashe shi ne kafin a cinna wutar.

Sai dai mai karatu ya lura: a littafi, cikin ƴan kwanaki ake gamawa. A zahiri gwajin guba yakan ɗauki makonni, zafin rana kuma yana gaggauta lalacewar gawa, ya rikita lissafi.

Darasin dai guda ne. Inda aka yi mutuwa mai rikitarwa, kada a taɓa kome kafin hukuma ta zo. Alama ɗaya da aka share tana iya kuɓutar da mai laifi, ta jefa marar laifi kurkuku. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.